Shekarar da Na Goya Nusaiba Zuwa Filin Karnuka

Nusaiba, ke da ƙannenki kun sha jin Baffanku Sani yana ba da labarin cewa a Masar ubanku zane yake ɗaurawa, ya goya jaririya ya shiga cikin karnuka da ita. Yakan faɗa ana dariya, ni ma in taya, don ba ƙarya ya yi ba. Sai dai shi bai taɓa zuwa Masar ba, a waya ya ji, kuma rabi ya ji. Yanzu da gwiwoyina suka fara ƙin hawa bene, ina so ku ji sauran daga bakina.

Da farko dai, ba ni na je karatu ba. Mutanen unguwa suna ce mini Malam saboda sun ji na zauna a Alƙahira, amma Ummanku ce ta sami gurbin karatun Shari'a, ni muharrami na bi ta. Mun sauka a ƙarshen 2011, ƙasar ba ta gama lafawa daga hargitsin da ya sauya gwamnati ba. Muka kama ɗaki da falo a unguwar Ainu Shams, can saman wani dogon bene, inda tagarmu ke kallon tagar wasu, mai sayar da gas kuma yana tashin kowa da safe da bugun tukunya da ƙarfe. A gida gyaran babur nake yi. A can ba ni da Larabci sai na sallah, ba ni da abin yi. Abu ɗaya da jama'armu suka san ni da shi shi ne yanka da fiɗa. Ni ɗan mafarauci ne daga ƙasar Ningi, tun ina yaro wuƙa ta zauna a hannuna. Duk ɗalibin da aka yi wa haihuwa a Ainu Shams ko Darrasa, unguwar da ɗalibanmu suka fi yawa, ni ake kira in yanka ragon suna, in feɗe, in kasa. Wannan ya ba ni wurin zama a cikin mutanen da kowannensu ya fi ni karatu.

Don kada zaman ɗaki ya kashe ni, nakan sauka wurin wani mahauci a layinmu in taya shi aiki. A nan na haɗu da Kaftin Magdi. Ban taɓa ganin sa da kaki ba. A Masar duk mai horar da wani abu, ɗan ƙwallo ne ko kare, Kaftin ake ce masa. Yakan zo da ƙaramar akori-kura ya kwashi ƙashi da hanta, a bayan motar kuma akwai wata tsohuwar karya ja mai suna Basbusa. Kowa ja da baya yake yi. Ni kuwa rabona da warin kare tun rasuwar mahaifina, sai na tsuguna gefe, na kawar da ido, na bar ta ta shinshina bayan hannuna. Kaftin ya daɗe yana kallo na. Da hannu da guntun Larabci ya tambaye ni ko ina son aiki.

Yana da fili mai katanga a bayan gari, kan hanyar Isma'iliyya, da layin itatuwan turare ta bayansa. A shekarun nan tsoron ɓarayi ya sa masu hali suna ta sayen manyan karnuka, sannan su rasa yadda za su yi da su, sai su kawo masa. Na zo da tunanin na san kare, ashe rabi na sani. Mahaifina da yunwa da bulala yake horo. Kaftin da gutsuren hanta yake yi, da haƙuri, da maimaitawa. Ranar farko da na ɗaga igiya zan zabga wa wani kwikwiyo, ya riƙe mini hannu, ya nuna mini ƙofa, ya nuna mini igiyar, ya girgiza kai. Ban sake ba.

Na yi fargabar abin da Ummanku za ta ce. Ta saurare ni har na gama, ta ce a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda da na gadi da na farauta. Sannan ta ƙara nata hukuncin, wanda ba ya cikin kowane littafi.

"Kayan aikin nan a baranda za su riƙa kwana. Kuma ba ka taɓa mini kwano sai ka yi wanka."

Haka muka zauna lafiya har aka haife ki, tana shirin shiga shekarar ƙarshe.

A ƙasanmu akwai wata tsohuwa, Hajja Sa'adiyya, Bahaushiyar Sudan, wadda kakanninta suka tashi daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji suka tsaya a hanya. Hausarta da Larabci a cakuɗe take, amma idan ta yi kunun gyaɗa sai ka rantse a gida kake. Ita ta yi wa Ummanku wankan jego, ita kuma ta riƙa riƙe ki idan an tafi makaranta. Kina wata biyar ta zame a matakala, ƙugunta ya goce, ta koma kwance. Muka gwada kai ki hadana, wato gidan rainon yara na unguwa. Ɗaki ɗaya ne cike da jarirai, mata biyu na fama da su. Ba a yi sati biyu ba kika dawo da zazzaɓi da tari, kika rame har idanunki suka fito. Da kika warke, Ummanku ta haɗa littattafanta ta ɗora a saman kwaba.

"Abban Nusaiba, na haƙura. Zan zauna da ita."

"Shekarar ƙarshe fa ce."

"Na sani."

"In kika bari, gurbin ya tafi."

"Na sani, na ce. To wa zan ba? Ba zan mayar da ita can ba."

Na tuna yadda take tsayuwa a kicin da littafi jingine da tulun gishiri, tana juya miya tana haddace. Na tuna mahaifinta da ya riƙe hannuna a filin jirgi ya ce amana ce ya ba ni. Washegari na sauka wurin Hajja Sa'adiyya ina ɗauke da ke a hannu, da zanen Ummanku da majanyi a kafaɗa. Na ce ta koya mini goyo.

Ta yi dariya har sai da ta dafe ƙugun, tana salati saboda zafin.

"Kai ɗana, da gemunka?"

"Da gemuna, Hajja."

"To yalla, sunkuya. Ba haka ba, kamar mai ruku'u. Riƙo ta ta hammata, ka zagayo da ita. A hankali! Ba buhu ba ne."

Daga kwance take ba da umarni da sandarta. In buɗe miki ƙafafu su rungumi kwiɓina. In ja zanen ya tallafi wuya amma kada ya rufe hanci. Matsalar ita ce ni ba ni da ƙirjin da zai riƙe ɗaurin sama, zanen sai ya yi ta zamewa. Ta yi nazari, sannan ta ce in ɗauko gefe ɗaya ta kan kafaɗa in ƙulle a gaba, in ɗaure majanyi tamau a ƙasa. Da matashin kai na yi ta gwadawa kafin ta yarda in sake ɗaukar ki. Da na miƙe a ƙarshe, na ji ɗuminki a gadon bayana, kika kwantar da kunci tsakanin kafaɗuna, kika yi ajiyar zuciya.

"Khalas, shi ke nan," in ji Hajja. "Ta karɓe ka."

Ummanku ba ta yarda nan take ba. Sai da na je na yi magana da Kaftin. Shi ma ya dafe kai, ya zagaya ofishinsa, sannan ya gindaya sharuɗɗa. Ba zan kusanci wajen da ake koya wa karnuka cizo ba. Aikina ya koma yawo da kwikwiyoyi da tsofaffin karnuka masu sanyi, kowane da igiya, a ƙarƙashin itatuwan turare. Ba zan sauke ki ƙasa ba sai a ofishinsa, ƙofa a rufe. Ummanku ta ƙara da cewa in rana ta take in shiga inuwa, kuma in wanke hannu da sabulu kafin in ba ki abinci. Takan tatsi nono ta zuba a kwalba, ta haɗa da kunu a fulas da kayan canji, ta cusa a jaka tana addu'a.

Shiga metro, wato jirgin ƙasan cikin gari, da goyo wani abu ne. Mutanen Masar a kafaɗa suke ɗora yaro, ba su saba ganin ko mace da goyo ba, balle ƙato baƙi mai gemu. Wasu su ɗauka kaya ne, sai sun ga ƙafa ta motsa su yi tsalle. Tsofaffin mata su riƙa ja mini riga suna cewa yarinyar za ta faɗo, ko za ta shaƙe, ko sanyi zai kama ta. Wata ta taɓa cire ɗankwalinta na ulu ta lulluɓa miki ƙafa, ta sauka a tasharta ba ta waiwayo ba. Kullum sai an tashi an ba ni kujera, ni kuma in ƙi zama, don mai goyo ba ya jingina.

Waɗannan safiyoyi, in gaya muku gaskiya, suna cikin mafi daɗin kwanakina a duniya. Iska mai sanyi daga sahara, ƙamshin ganyen turare, kwikwiyoyi na jan igiya a gabana, Basbusa na tafiya a gefena kamar wadda aka ba gadi, ke kuma a baya kina harba ƙafa kina gwaranci. Nakan rera miki waƙoƙin da mahaifina ke yi idan za su shiga daji, ki yi shiru kina sauraro ta cikin ƙashin bayana. In kin yi barci nakan gane, don nauyinki sai ya sauya. Ranar da babu masu kawo karnuka, Kaftin yakan fitar da mu bayan katanga, cikin rairayi, mu yi tafiya mai nisa mu dawo mu sha shayi. Yakan leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ya Ilyas, mataimakiyarka ta yi barci a bakin aiki."

Labarin bai daɗe ba ya isa Darrasa. Wani ɗalibi ya gan ni a metro. Malam Habibu, wanda shi ne babba a cikin ɗalibanmu, shi ke raba faɗa, shi ke karɓar baƙi, ya tare ni bayan Juma'a ya ja ni gefe. Mutumin kirki ne, kada ku ɗauke shi wani abu dabam. Shi ya taimaka mana da takardun zama lokacin da muka zo.

"Malam Iliyasu, aikin karnukan nan mun kau da kai, don mun san lalura. Amma goyo? A bainar jama'a? Larabawan nan dama ba ganin mu suke da daraja ba."

"Malam, haramun ne?"

"Ban ce haramun ba ne. Akwai abin da ake kira muru'a. Mutunci. Kuma jaririya cikin karnuka, ka yi tunani."

"Na yi. In na sauke ta, uwarta ta bar karatu. Ko akwai wanda iyalinsa za su riƙe mana ita?"

Matan ɗaliban duk ko karatu suke, ko suna fama da nasu yaran a ɗaki guda. Ya ce Allah ya kyauta, muka rabu. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya daina gaishe ni. Kawai dai aka yi suna a gidan wani abokina, sai bayan kwana biyu na ji, wani mahaucin Masar suka kira. Aka sake yin wani, haka. Na fahimci hannun da ke shafa kare ba a son shi a kan naman suna kuma. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna. Na goge wuƙaƙena na shafa musu mai, na naɗe a tsumma na ajiye.

Daga Darrasa labarin ya tsallaka gida. Ranar da kakarku Inna ta sa aka kira mata ni, na shirya shan faɗa. Muka gaisa, sannan ta ce:

"An ce kana goyo."

"E, Inna."

"Kana sa majanyi?"

"Ina sawa."

"To ka riƙa duba wuyanta in ta yi barci. Kuma kada ka sunkuya kusa da wuta da ita."

Shi ke nan abin da ta ce, ta koma tambayar ko ana samun daddawa a can.

Yanzu ga abin da Baffanku bai sani ba. Ana tsakiyar jarrabawa, zafi ya fara, wani attajiri daga Mohandessin, unguwar masu kuɗi, ya aiko da karensa, wani ƙaton baƙi mai suna Ra'ad wanda aka daɗe ana ɗaure shi a rufin bene shi kaɗai. Direban ya shigo da mota har cikin fili, ya buɗe ƙofar baya ba tare da ya sa masa igiya ba. Ina dawowa daga wajen itatuwa da Basbusa, kina bayana. Na ga karen ya diro, ya tsaya, ya kafe ni da ido, ya taho a guje ba haushi. Wanda ya san kare ya san wanda ba ya haushi shi ne abin tsoro. Gudu ba zai yiwu ba, don in na juya ke na miƙa masa. Na ja da baya har na ji katangar sito kusa da ke, na tsaya ina fuskantar sa, na saki igiyar Basbusa, na kare ƙirjina da hannu. Ya daka tsalle ya cafki damtsena. Nauyinsa ya kusa kai ni ƙasa, na turje, don na san in na faɗi ta baya a kanki zan faɗi. Basbusa, tsohuwar da haƙoranta sun zube saura kaɗan, ta bangaje shi ta gefe, ya sake ni ya juya kanta. Kafin ya yi mata illa Kaftin ya iso ya shaƙo shi ta wuya. Ke kuwa kin tsala ihu. Ban taɓa jin daɗin kukanki kamar ranar ba.

Kaftin da kansa ya kai ni aka wanke ciwon, aka yi mini allura. A hanyar dawowa ya ce kada in tayar wa Madam hankali tana jarrabawa, in ce waya ce ta yanke ni. Na gode masa, amma na san ba zan iya ba. 'Yarta ce, da yardarta nake fita da ita.

Bayan la'asar Ummanku ta dawo, na zaunar da ita na faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta karɓe ki, ta tuɓe ki tsaf, ta duba ki tun daga tsakar ka har tsakanin yatsun ƙafa. Sannan ta kwance bandejin hannuna ta duba, ta mayar. Ta daɗe tana kallon tagar maƙwabta.

"Gobe ba ni da jarrabawa," ta ce. "Da ni za a je."

Ku da kuka san Ummanku kun san ko kyanwa ta gifta sai ta ɗage ƙafa. Ta shiga filin nan da hijabinta har ƙasa, karnuka na haushi ta kowane gefe, ta riƙe gefen rigata kamar za ta yaga. Amma ta zagaya ko'ina. Ta ga inda motar ta tsaya, ta ga katangar siton, ta ga inuwar da nake bi da ke. Ta tsaya a kan Basbusa, wadda ke kwance da kunne a yage, ta kalle ta ba ta taɓa ta ba. Sannan ta juya wurin Kaftin da Larabcinta na littafi, wanda ke sa mutanen Masar gyara tsayuwa. Ta ce mota ba za ta ƙara shigowa ciki ba, a waje za a riƙa sauke kare, da igiya. Ta ce a ja shinge tsakanin wajen itatuwa da sauran filin, da ƙofa mai sakata. In an yi haka, za a ci gaba da zuwa da ke. In ba a yi ba, ta haƙura da sauran jarrabawar.

"Hadir, ya duktura," in ji Kaftin, hannu a ƙirji, wato an gama, Dakta.

Kafin magariba shi da ma'aikatansa sun kafa shingen. A mota muna dawowa na tambaye ta me ya sa ba ta ce a daina gaba ɗaya ba. Ta ce ta ga yadda kika riƙa miƙa hannu kina dariya tun daga bakin ƙofa, ta ga kumatunki sun ciko, ta tuna yadda kika dawo daga hadana.

"Kuma na ga inda ka tsaya," ta ce.

Ta gama jarrabawa, sakamako ya fito, ta ci da daraja mai kyau. Muka shirya 'yar walima a falonmu kafin mu fara haɗa kayan komawa gida. Ni na yanka ragon da hannuna, tunda nawa ne, kuma duk wanda ya zo ya ci. Aka ɗauko Hajja Sa'adiyya a kujera aka hawo da ita. Kaftin ya aiko da tiren kayan zaƙi. Malam Habibu ya zo da jama'arsa, aka ce ya yi jawabi. Ya miƙe tsaye ya fara da Larabci, ya dawo Hausa, ya koma Larabci, yana yabon ilimi da masu haƙuri a kansa. Shinkafa na hucewa, ba wanda ya isa ya ce ya taƙaita.

Lokacin kin haura shekara, kina tsayuwa da kanki, amma ba ki taɓa furta kalma ba, ba Abba, ba Umma. Kina zaune a cinyata. A fili, idan ana son kare ya zauna, ɗaga yatsa ake yi a ce masa "U'ud", wato zauna, kin kuma ji ana faɗin haka tun kina wata shida. Sai kika zame kika tsaya a tsakiyar tabarma, kika kalli Malam Habibu sama, kika ɗaga ɗan yatsanki.

"U'ud!"

Ummanku daga bayan labule na ji ta ce innalillahi. Ni na rasa inda zan sa fuskata. Malam Habibu ya dube ki, ya dube ni, gemunsa ya fara rawa. Ya tattara babbar rigarsa ya zauna daɓas a kan tabarma.

"To," ya ce, "malama ta yi umarni. A kawo abinci."

Dariyar da aka yi har maƙwabta suka leƙo ta taga. Ya ɗauke ki ya ɗora a gwiwarsa, ya tsinko nama mai laushi ya sa miki a baki. Bai taɓa ce mini ya sauya ra'ayi a kan goyon ba, ni ma ban tambaye shi ba. Amma ranar ya yi ƙari har sau biyu, kuma da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi, ya ce naman ya yi kyau, wanda ya feɗe shi ya iya.